Kalanda, Maganin Tsagar Bango

Ranar Talatar nan na je gaida kawuna a cikin garin Daura, na tarar an ƙara kalanda ta huɗu a bangon zaurensa. Kawu kuwa ba ruwansa da kwanan watan Bature, ko na Musulunci sai ya ji sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo. Na ɗan ɗaga gefen sabuwar, sai ga tsaga wadda yatsana zai shiga ya juya.

Na ce, "Kawu, ai bangon nan ya buɗe baki."

Ya ce, "Sakar mini kalandata, ɗan nan. Gaisuwa ka zo, ko aikin duba-gari aka ba ka?"

Na saki. Amma ido ya riga ya gani. Ta 2015 tana can sama kusa da azara, inda abin ya faro. Ta 2019 tana ƙasanta, ta 2023 ta ɗan karkata hagu saboda tsagar ma ta karkata, sabuwar kuma ta kusa taɓa daɓe. Wanda duk yake son sanin shekarun tsagar bango a ƙasar Daura ba sai ya kira injiniya ba, ya ƙirga 'yan takara kawai.

Kuma abin da tsari. Fostar ɗan takarar kansila ƙarama ce, ba ta wuce tsagar gefen taga. Ta ɗan majalisar jiha tana iya rufe bayan ƙofa. In ta kai ga katanga ta dare daga sama har ƙasa, to sai sanata, shi ma a tsaye, da babbar riga da doguwar hula, a kan ledar nan mai kauri da ruwa ba ya ci. Ɗan takarar da ya buga hoton fuskarsa kaɗai ya cuci talakawa, domin fuska ba ta rufe komai. Ka bi ta Zango, Baure, Sandamu ko Mai'aduwa, ka ga gida an manne shi da hotuna, ka ce kai, nan akwai 'yan a-mutun jam'iyya. Ina! Da ka ga 'yan takara biyu da ba sa ga maciji an jera su kafaɗa da kafaɗa a bango ɗaya, kada ka yi zaton siyasa ba da gaba ba ce ta zo gidan. Tsagar ce ta yi reshe. Akwai magidanta da yanzu haka suke jiran zaɓen 2027 fiye da yadda 'yan takarar suke jiransa, kuma addu'arsu ɗaya ce: Allah ya sa jam'iyyu su tsayar da dogayen mutane.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuwa da ya shiga sai muka sa masa labule. Ƙadangare, tsaka, kyankyaso, wani lokaci har kunama, duk suna zaune lafiya a bayan mai girma sanata, ba haya ba kuɗin wuta. Da azahar in rana ta take, sai ka ga cikin sanata yana motsi a jikin bango. Tun da aka zaɓe shi, wannan ne kaɗai motsin da mazaɓarsa ta shaida.

Abin haushin shi ne babu wanda bai san dalilin tsagar ba. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ko na BUA, bai taɓa ƙaruwa ba. Yashin da muke zuba masa ne yake ƙaruwa duk shekara, musamman tun da buhu ya haura naira dubu goma a 2024. Maigida ya matse birkila, birkila ya matse siminti, a yi filasta da hunturu, iska ta busar da ita kafin ta kama, ba wanda ya ba ta ruwa ko na kwana uku saboda mai garuwa ma kuɗi yake karɓa. Sannan a ɗauko siminti a shafe ginin tubali da shi don a ce an waye. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna. Ruwa ya samu ƙofa ya shige tsakaninsu, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon ta ciki, waje kuwa fes. Ga indararo yana zuba a gindin katanga, ga kwata ta kwanta a jikin harsashi. Kakanninmu da muke wa kallon mutanen da, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai sun yi yaɓe, su jiƙa ɓawon ɗorawa su yi makuba, masu hali su sa laso da katsin marina. Ba su taɓa jin kunyar a ga laka a hannunsu ba. Mu kuma mun iya bambanta siririyar tsagar filasta, wadda cokali biyu na siminti zai toshe, da wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga tana faɗi, mai nuna ƙasa ce take zaunawa. Mun sani sarai. Sai marka ta zo a watan Agusta, katanga ta kwanta a kan ɗakin da yara suke barci, a taru a zaure ana cewa ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ƙusa huɗun da aka kafe kalanda da su da hannunka ka buga.

Kuɗin fenti dai ba ya ɓata. Sallar Gani ta matso, baƙi za su zo kallon hawa su leƙa rijiyar Kusugu, sai ka ga an shafe fuskar gida da ruwan hoda ko shuɗi, tsagar ma an shafa mata ta yi kyau. Bayan gida kuwa, wa zai zagaya?

Kodayake in za a yi adalci, wanda ya yi niyyar gyara ma sai ya nemo birkila, kuma nan ne ake gane haƙurin mutum. Ni ban taɓa ganin bawan Allah mai yawan tafiya kamar birkilan da ya karɓi kafin alƙalami ba. Ya zo ya ƙwanƙwasa bango da bayan cokali, ya kaɗa kai, ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" Ka ce shi ne, shekara uku da suka wuce. Ya ce to yaransa ne. Ya fasa tsagar ya ƙara mata faɗi, wai don siminti ya samu wurin zama, ya ajiye maka kwanon sarki da shebur a tsakar gida a matsayin jingina, ya ce zai je ya ci abinci. Shebur ɗin ma daga baya mai shi zai zo ya karɓa, ashe aro ne.

Wani maƙwabcina ya kira nasa a waya bayan mako biyu. Ya ce, "Malam, kana ina?"

"Wallahi Alhaji ina Kongolam, bakin iyaka, an yi mana rasuwa. Gobe da asuba in Allah ya yarda ina gidanka."

Maƙwabcin nawa ya sauke wayar daga kunne, amma bai daina jin muryar ba. Ta bayan katangarsa take fitowa, daga gidan da ake ɗora bene, tana cewa yaro ya ƙaro yashi.