Allah Ya Ja Zamanin Hajiya Mai Haɗi

Lokaci ya yi da za a bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa. An daɗe ana kambama likitocin fata, mutanen da ba sa iya kwantar da ƙurji ɗaya sai sun ce a ba su wata uku, alhali ga gwana a tsakiyarmu wadda ke share fuska kakaf cikin kwana bakwai. Ina nufin Hajiya mai haɗi, uwar ɗakin 'yan mata, garkuwar amare, rumfa sha shirgi, mai roba da ludayi, wadda ba ta taɓa zama ajin ilimin magunguna ba amma ta fi ƙarfin littafinsa. Tana da shago a lungun kasuwa, tana da fada a TikTok da Instagram, tana da wakiliya a kowane gidan biki. Ranki ya daɗe, a yi mana izini mu faɗi kaɗan daga cikin alherinki.

Babbar baiwarta ita ce taƙaita zance. Ka tambayi likita abin da ke kawo kurajen fuska, sai ya gyara zama. Ya ce a ƙarƙashin fata akwai 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙo, idan balaga ta zo sinadaran jiki kan sa su ƙara ƙaimi, maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar gashi. Ya ce akwai wata ƙwayar halitta mai suna Cutibacterium acnes da dama can take zaune a fatar kowa, mai kuraje da marar su, idan ta samu ƙofa a toshe sai ta hayayyafa wurin ya kumbura. Ya ƙara da gado, ya ƙara da lokacin al'ada, ya rufe da cewa ba ƙazanta ba ce. Hajiya kuwa, fasihiya, ba ta ɓata wa kowa lokaci. Kallo ɗaya za ta yi wa yarinya 'yar shekara goma sha shida ta ce, "'Yata, datti ne." Kalma ɗaya ta wadatar, kuma ta zo da garaɓasa, domin yarinyar ta iso da kuraje kaɗai, ta koma gida da kuraje da kunya.

Tunda an gano datti ne, sai a ɗaura yaƙi, kuma a nan ne jarumtar uwar ɗakinmu ke bayyana. Masana suna da wani ma'auni da suke kira pH. Sun ce fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami, wajen lamba 5, kuma wannan tsamin da siririn maiƙon da ke samansa su ne katangar da ke riƙe danshi ta hana ƙwayoyin cuta kutse. Sabulun sanda na yau da kullum yana wajen 9 zuwa 10, sabulun salo da ake dafawa da toka shi ma can sama yake. Matsorata sai su ce a nemi abin wanke fuska mai sanyin hali, wanda ba ya kumfa da yawa, ba ya ƙamshi. Hajiya ba ta san tsoro ba. Takan ɗauki sabulun salo ta kirɓa shi a turmi da ruwan lemon tsami, ta zuba gishiri ko sukari don ya samu kaushi, ta barbaɗa wani farin gari da ko 'yar aikinta ba ta san sunansa ba. Umarninta a bayyane yake: a dirje da soso safe da rana da dare, a bar kumfar ta bushe a fuska, kada a daina sai fata ta yi ƙara a ƙarƙashin yatsa. Idan ƙurji ya yi taurin kai a ɗiga masa makilin a kwana da shi.

Kwana uku sai waya ta yi ƙara. "Anti, fuskata zafi take yi, har saɓa take yi, ko ruwan alwala ba na iya sa mata." Wata 'yar kasuwar da ruɗewa za ta yi. Hajiya, dutse ba ka jin ruwan sama, sai ta yi murmushi ta ce, "Alhamdulillahi ƙanwata, ai yanzu ya fara aiki, dattin ne yake fita." Ban san wata jimla a harkar ciniki da ta kai wannan albarka ba. Idan fuska ta lafa, haɗi ya yi aiki. Idan ta ƙone, haɗi yana kan aiki.

Sai man shafawa, kambun sarautarta. Wanda bai ga yadda ake haɗa shi ba ya yi asarar kallo. Ga farar roba a tsakiyar ɗaki, ga ƙananan bututan kirim na kemis an jera a kan tabarma, irin wanda ake kira mai aiki uku. Hajiya takan yanke gindin kowanne da reza ta matse shi tas, don ita ba ta almubazzaranci. Ta kawo wani bututun da aka rubuta kulobetasol a jikinsa ta ƙara. Ta tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da aka ɓanɓare wa takarda, ta zuba man kwakwa, ta ɗiga turare, ta juya da ludayi har ya yi santsi, tana yi tana amsa waya. Daga nan a ɗura a ƙananan robobi, a manna takarda mai hoton ganye kore da kalmar organik. Ku dubi tawali'u. Manyan kamfanoni ba sa iya sayar da ko ɗan sabulu sai sun cika bayansa da sunayen abin da suka zuba, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC, duk don a san su wasu ne. Hajiya ba ta fariya. Ba ta rubuta komai sai lambar wayarta.

Karamcinta kuwa ya wuce misali. Kulobetasol yana cikin mafi ƙarfin magungunan siteroyid da ake shafawa. Likita, da rowarsa, ba ya ba da shi sai ga ciwon fata mai tsanani, na ɗan lokaci, galibi mako biyu, kuma yakan ce a nisanta shi da fuska. Mai aiki ukun nan ma siteroyid ne a cikinsa, an gauraya da maganin cututtukan fata irin su makero da maganin ƙwayoyin cuta, babu ɗayansu da aka yi don kurajen balaga. Hajiya ta ce a shafa safe da dare, ba ta yanka wa'adi ba. Makon farko abin al'ajabi ne na gaske, domin aikin siteroyid ke nan, ya kwantar da kumburi ya dishe launi. Fuska ta yi luwai, ƙawaye su fara tambaya, a ɗauki hoton kafin da na bayan a ɗora a waya.

Bayan 'yan watanni sai sauran kyaututtukan su fara isowa. Na ga fuskar wata budurwa a gidan suna, ba ta fi shekara ashirin ba. Kumatunta sun yi ja sun yi sheƙi, fatar ta yi siriri kamar ɓawon albasa, ana hango 'yan jijiyoyi a ƙarƙashinta. Goshi da haɓa sun cika da ƙananan kuraje iri ɗaya, tsawo ɗaya, a jere, waɗanda likitoci ke cewa siteroyid ne da kansa ke haifar da su. Ga gashi ya tsiro a gefen fuska. Tana zaune can ƙurya tana kare rana da mayafi, don ko hucin murhu ba ta iya jurewa. Ta ce da kuraje huɗu ko biyar ta fara. Ta gwada dainawa, fuskar ta kumbura ta yi zafi kamar ta yi hauka, sai ta koma ta sayi wata robar. Wane ɗan kasuwa ne a Kwari ko Sabon Gari zai ce ya taɓa samun amanar abokin ciniki irin wannan? Sauran mutane talla suke yi don a dawo. Hajiya fatar da kanta ke kawo mata mai ita.

Ba ta manta da tabo ba. Fata mai duhu tana da ɗabi'ar barin baƙin tabo duk inda ta ƙone ko aka matse ta, don haka dirza da lemon tsami da farce sun riga sun share wa kaya na gaba hanya. A nan haidurokwinon ke shigowa. Tarayyar Turai, da ƙarancin hangen nesa, ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. Gana ma ta bi sahu. NAFDAC ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin 100. Hajiya ba ta yarda a tauye wa talaka rabonsa ba, da ludayi take awo. Wadda ta daɗe tana shafawa takan samu wani tabo mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi a saman kumatu, wanda ke da wuyar fita, tukwicin da ba ya tsufa.

Wasu daga cikin kayan da ke shigowa ta bayan fage har da zaiba a ciki, ƙarfen nan mai gudu da ya sa duniya ta san garin Minamata na Japan a 1956, lokacin da mutanensa suka fara rasa hankali da gaɓoɓi saboda kifin da suka ci. Sai da ƙasashe suka taru a 2013 suka ƙulla yarjejeniya sukutum da sunan garin don nesanta mutane da ita. Zaiba tana ratsa fata ta sauka a ƙoda, tana bi ta mahaifa da ruwan nono ta kai ga jariri, tana maƙalewa a tawul da matashi ta ishe sauran mutanen gida. Wato roba ɗaya aka saya, iyali gaba ɗaya suka amfana. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira shafe-shafen bilicin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da irin waɗannan kaya. Ɗaukaka ke nan. Masu sana'a nawa ne aikinsu ya kai gwamnati ta kira taro a kansa?

Ko man kwakwar da ke cikin haɗin hikima ce. Tun 1970 wasu likitoci a Amurka suka rubuta cewa man gashi mai kauri na cika goshin baƙaƙen fata da kuraje. Hajiya ta ɗauki fuskar da maiƙo ya riga ya yi wa yawa, a watan Afrilu, zafin Kano ya kai digiri 40, ta ce a lafta mai, a bi da hoda, a rufe da niƙabi.

Don adalci, bari a ji abin da abokan hamayyarta ke da shi, a ga talaucinsa. Likitan fata zai ce a wanke fuska sau biyu a rana, da bayan an yi gumi sosai, da ruwa mai ɗan ɗumi da tafin yatsu, a tsane da tawul mai tsabta ba tare da gogewa ba. Zai ce a zaɓi abin wankewa mai laushi, ko wanda ke da salisilik asid kashi 2. Zai ambaci benzoyil feroksayid kashi 2.5 zuwa 5, har ya tona wa maganin nasa asiri cewa yana kodar da launin rigar matashi. Zai ce a shafa adafalin da dare, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, a fara da tsallaken kwana, mai juna biyu kuwa kada ta taɓa shi. A sa mai marar nauyi wanda ba ya toshe ƙofar gashi, a sa maganin rana mai lamba 30 don tabo ya dishe, a cire hannu daga fuska. Idan kurajen manya ne masu zurfi da ciwo, ko suna tare da rikicewar al'ada da tsirar gashi, a zo asibiti a bincika. Wadda ta daɗe a kan siteroyid kada ta yanke shi rana ɗaya, ta zo a janye mata shi sannu a hankali. Sannan, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce sai mako takwas zuwa goma sha biyu za a ga canji na sosai. Bai yi alkawarin haske ba. Bai rantse ba. Bai kira kowa amarya ba.

Mako goma sha biyu! Biki saura sati biyu, an riga an raba anko. A nan dole a yaba wa fadawan Hajiya, don sarauta ba ta tsayuwa sai da jama'a. Jinjina ga gwaggon da ba ta iya amsa gaisuwar yarinya sai ta ce, "Ke kuwa me ya samu fuskarki?" a gaban baƙi. Jinjina ga saurayin da nasa goshin ya fi kowa kuraje amma ya ce shi fara mai santsi yake so. Jinjina ga mai kemis ɗin da ke miƙo kulobetasol ba tare da takardar likita ba, bai ko ɗago kai ba. Jinjina ga uwar da ta biya kuɗin robar farko da hannunta saboda tana son 'yarta, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa yawancin kurajen balaga suna lafawa da magani mai sauƙi da haƙuri.

Tausayin Hajiya bai bar waɗanda fuskarsu ta ƙone a hannun Allah kawai ba. Bana ta fito da sabon kaya musamman dominsu, haɗin gyaran fatar da ta lalace. A robar nan aka juya shi, da ludayin nan, kuɗinsa ninki biyu ne saboda ya fi ƙarfi. Duk wadda ta sayi na farko a wurinta ana yi mata ragi.