Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Gana-Mas-Go

Zuwa ga Hajiya Gana-mas-go,
Ƙarƙashin gado, ko bayan ƙyaure, ko duk inda aka cusa ki.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yan'uwanki, mai jan zane da mai shuɗi da mai baƙi. Ya jikin zif? Na san tsohon ciwo ne, tun kina budurwa kike fama da shi. Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki ɗauka zolaya ce da na ce miki Hajiya. Sau nawa kika sauka Jidda kika dawo da dabino da dardumai? Ni da nake rubuta miki, jirgin alhazai kawai nake gani yana ratsa samaniyar Bodinga in ya taso daga filin Sultan Abubakar III, in ɗaga masa hannu kamar yaro.

Dalilin wasiƙar kuwa, ɗan ƙanwata ne ya tafi Ingila aikin jinya a watan da ya wuce. Tun da muka dawo daga rakiya nake neman wanda zan yi wa fushi. Na duba sama, manya sun fi ƙarfina. Na duba yaron, ba shi da laifi. Sai na tuna an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. To, Hajiya, ke ce maratayin, sai ki yi haƙuri ki saurara.

Ko kin manta, mu ba mu manta ranar sunanki ba. Da kika zo ƙasar nan ba ki da suna, jakar roba ce kawai mai arha a kasuwa. Sai ranar 17 ga Janairun 1983, ministan harkokin cikin gida Alhaji Ali Baba ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takardun zama ya bar Najeriya cikin mako biyu. Mutane wajen miliyan biyu suka kwashi kaya, kusan rabinsu 'yan Ghana. A lokacin shugaban Ghana Rawlings ya rufe iyakar ƙasarsa, don haka suka jibge a Seme da bakin ruwan Apapa, mata da yara, kowa na zaune a kanki yana jiran a buɗe hanya. Daga nan kika samu suna, wai dole Ghana ta tafi. Shugaban ƙasa a ranar kuwa namu ne, Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda garinsu ke nan gaba da mu a kan hanyar Jega, inda kuma aka binne shi a Disambar 2018. Allah ya jiƙan Turaki. Kin ga ke nan ragon sunanki daga yankinmu ya fito. Shi ya sa nake miki magana kai tsaye, magana ce ta gida.

Ban ce babu dalili ba. Kuɗin mai ya faɗi, an shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, rikicin Maitatsine na Kano a 1980 ya sa ana kallon kowane baƙo da gefen ido, ga zaɓe yana tafe a watan Agusta. Su ma 'yan Ghana ai sun rigaye mu: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi, 'yan Najeriya da yawa suka dawo gida ba shiri, har da jikokin fataken goro da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Bashi ne aka ci, aka biya, kowa ya yi asara.

Amma bari in ba ki labarin Masta, don ke kika ɗauke shi. Bayan an buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka cika, malamai suka yi ƙaranci, aka cike gurbin da 'yan Ghana da Indiyawa da 'yan Pakistan. Namu malamin lissafi ɗan Ghana ne, siriri, farar riga kullum a goge, Hausarsa ta zango mai daɗin ji. Yana da takardunsa cif, ba wanda ya kore shi. Sai dai albashi ya fara makara, yara a kasuwa suka fara bin sa da sabon sunanki, mai shagon da ke ba shi bashi ya ɗaure fuska. Da aka yi dogon hutu sai ya zuba littattafansa da dutsen guga da rediyo a cikinki. Ni na ɗauke ki a ka har bakin titi. Ya ba ni kwabbai da wani tsohon littafin lissafi, ya hau mota. Muka yi zango biyu ba malamin lissafi. Har yau in na ga an haɗa harafi da lamba a layi ɗaya, gabana faɗuwa yake, ga shi kuwa na yi shekaru ina koyarwa a firamare. Wannan ma yana wuyanki.

To yau ga shi kin juyo kanmu, kuma abin da ya fi ba ni haushi, wannan karon ba minista, ba sanarwa a rediyo, ba wa'adin mako biyu. Yaron nan ba wanda ya ce masa dole ya tafi. Dare kawai ya yi ta kwana shi kaɗai da ɗaki cike da majinyata a wani asibiti da ba zan ambata ba, yana neman jijiya da fitilar waya, dangin marar lafiya na zaginsa don babu magani, kamar shi ya sha. Wata ya ƙare, albashin bai kai tsakiyar wani watan ba. Lokacin da kika ɗauki Masta, naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, abin da ya kawo shi ke nan. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ko ni da ba ni da lissafi na gane wannan.

Kada ki zaci tafiyar irin taki ce, a cusa kaya a ja zif a hau mota. Shekara biyu ya yi yana tara takardu. Akwai jarrabawar Turanci da suke kira IELTS, wadda ya zauna sau biyu, kowane zama da kuɗinsa da kuɗin mota. Yaron da ya yi karatu da Turanci tun daga firamare, sai ya tabbatar wa Turawa yana jin Turanci. Abin dariyar ma, sakamakon shekara biyu yake yi ya lalace, wai Turancin ruɓewa yake kamar tumatir. Sai jarrabawar aikin jinya ta kwamfuta, sai hoton ƙirji don a ga ko yana da tarin fuka, sai biza, sannan in ya isa can ya sake wata jarrabawar a gaban idonsu, ya yi wa mutum-mutumin roba allura. San noman gidansu aka sayar, da tumaki biyu na uwarsa. Ranar da aka ja san nan zuwa kasuwa, ƙanwata ta ce, "Yaya, wanga sa shi aka ba biza, ba yaro ba."

Manya sun yi ta magana. A 2019 ministan ƙwadago Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Ina ma ya zo ya nuna mana inda aka ajiye rarar, mu aika a ɗebo mana ko biyu zuwa Sifawa da Kajiji. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida. A Fabrairun 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta ce ba za ta tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara biyu yana aiki. Rufin ɗaki na yoyo, mai gida ya sayo kwaɗo. Su kuma can, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da bai kamata a je ana kwasar musu ma'aikatan lafiya ba, Ingila ta ce ta ji ta yarda, ba za ta zo nema ba, amma wanda ya kawo kansa bismilla. Mahauci ke nan da ya rantse ba zai ƙara zuwa ruga ba, sai dai in saniya ta biyo hanya da ƙafarta.

Yaran yanzu suna ce wa abin japa, kalmar Yarbawa. Na ce masa mu muna da tamu tun kafin a haifi kakansa: cin rani. Da an kai amfanin gona rumbu, mazan Sakkwato sun kama hanya, wasu Ibadan, wasu Legas, wasu har Kumasi, ga-ruwa da gyaran takalmi da yankan farce da dako. Ke ma kin sha rakiyarsu. Amma ɗan cin rani yana da agogo a sama. Da ya ga hadari ya haɗu a gabas, hankalinsa ya koma gona. Shi wannan nawa ya tafi ƙasar da aka ce kullum cikin yayyafi take. Ta ina zai gane damina ta faɗi?

Har tarihi na jawo masa. Na ce ka tuna garin da ka fito. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wajen 1807, ransa ya ɓaci da yadda ya ga jama'a ta karkata ga son duniya, ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. Kanawa suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, sannan ya dawo. Nan Bodinga ya zauna lokacin da yayansa Shehu ɗan Fodiyo ke Sifawa. Yaron ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, ni ma in na iske Kanawan da za su tsai da ni, zan tsaya." Ban sami amsa ba, sai na ce ya miƙo mini buta.

Yanzu ga babbar tuhumar, Hajiya, kuma kin san inda na nufa. Ba kayan talakawa kaɗai kike ɗauka ba. Kowa a ƙasar nan ya san aikin da kike yi da dare, lokacin zaɓen fid da gwani, lokacin da ake neman hannuwa su ɗagu a majalisa. An ce nan ne kaɗai zif ɗinki ba ya gardama. Ni ban gani da idona ba, amma sunanki ya zama karin magana a kan haka, kuma ba a banza ba. Na zauna na yi ɗan lissafin da Masta ya bar mini: abin da kika fitar ta ƙofar baya da dare, shi ne albashi da maganin da babu, shi ne man janareton da ya ƙare. Da safe kuma ki dawo ta ƙofar gaba, fuska a wanke, ki ɗauki ma'aikacin jinyar. Dako biyu kike ci a kan kaya ɗaya.

Na ji ke ma duniya ta fara juya miki baya. A Nuwamban 2023 kamfanin jirgin Habasha ya ce kada a ƙara kawo ki haka nan, wai kina lalata musu injin jan kaya. Ke da kika raka miliyoyi, yau ke ce aka ce dole ki tafi. Alhali a 2007 Louis Vuitton ya kwaikwayi zanenki, ya manna sunansa, aka yi ta yawo da ke a gaban masu kuɗin Faransa. Wato zanen suna so, ke ce ba sa so. Na faɗa wa yaron ya riƙe wannan da kyau, don hannunsa suke so. A Maris ɗin 2024 hukumomin Ingila sun hana masu kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 suka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. A Agustan 2024 an yi tarzoma a garuruwan Ingila, aka far wa masallatai da masaukan baƙi. Shi dai takardunsa cif suke. Masta ma haka nasa suke.

Saboda wannan hani na jirage, yaron ya sayo akwati mai taya, baƙi, mai lambobin sirri, ya ce kilo 23 aka yarda masa. Uwarsa ta kawo kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli. Ya cire kilishi da man shanu, ya ce ba a shiga da nama ko kayan nono. Ta yi shiru tana kallon akwatin nan kamar kishiya. Da ya fita sallar isha'i, sai ta jawo ki daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ki, ta ninke ki huɗu, ta shimfiɗa ki a can ƙasan akwatin, ta mayar da kayan a kanki. Na ce mene ne haka? Ta ce, "Yaya, wanga abu mai taya ba ya ɗaukar komi. Ran da zai dawo, da mi zai kwaso kayanai?"

Don haka in lissafina daidai ne, yanzu kina can Ingila, ba biza, ba IELTS, ba hoton ƙirji. Ki yi zamanki a ninke, kada ki yi motsi. In kin ji ya daɗe bai kira Innarsa ba, ki ɗan saki warin daddawa. Ranar da kuwa ya buɗe ki, ko don kansa ko don an ce masa, ki dubi girman Allah ki riƙe bakinki har Bodinga. Akwai allura da baƙin zare a aljihun gefen akwatin, ta sa su saboda zif.

Naki,
Wani tsohon malamin firamare,
Bodinga.