Zuwa ga Amaryata, Game da Wakilin da Na Turo

Daga Bronx, birnin Niyok.

Hajiya Kaka, amarya ba kya laifi. Ina gajiya, ina zafin Kano? Ya ƙafar taki?

Labari ya iso ni cewa kina ta yi mini terere a unguwa, wai mijin naki ya tafi Amurka ya manta da ke. To, ga amsata. Na tura wa Kawu kuɗin firiji, ranar Asabar zai shiga Sabon Gari ya sayo miki. Firijin nan shi ne wakilina a gidan har in dawo. Ba ya cin goro, balle ki ce ya ƙarar miki da huhu, amma yana da sharuɗɗa, kuma ina so Auta ta karanta miki su sau biyu, don na san halinki: abin da kika ga dama shi kike ji.

Za ki ce me ya hana in aiko da shi daga nan, ki samu abin nuna wa ƙawaye. Wutar Amurka bolt 120 ce, taku kuwa 230. Da an jona na nan a bangonki, sai dai ki ji ƙauri. Na gaya wa Kawu ya duba takardar da ke manne a jikinsa, ya zaɓi mai harafin T. Shi aka ƙera don ƙasashen zafi, yana jurewa har maki 43. Mai harafin N a 32 yake tsayawa, kin ga a watan Afrilu na Kano shi ma sai an yi masa fifita.

A tsaye za a ɗauko shi, a ɗaure da igiya a bayan mota. Akwai mai a cikin injinsa, in aka kwantar da shi man yana kwarara cikin siraran bututun da sanyi ke bi. Saboda haka in ya iso a tsaye, a bar shi ya huta awa 4 kafin a jona. In direba ya yi gardama ya kwantar da shi, a bar shi a tsaye kwana guda cur. Na san ki, Hajiya. Tun kafin a sauke shi za ki aika a kira maƙwabta su zo shan ruwan sanyi. Ki yi haƙuri, randa ta yi musu aikin wannan ranar.

Kada a ajiye shi kusa da murhu, ko inda rana ke dukansa, ko inda feshin ruwan sama ke kaiwa. A bar masa tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, ta baya da gefuna, don ta nan yake fitar da zafi. Leshin nan mai geza da kika lulluɓe talabijin da shi, ya tsaya a kan talabijin. Ƙafafun firijin na gaba ana murɗa su. A daidaita shi ya zauna daram, gaban ya ɗan fi bayan tudu kaɗan, yadda ƙofar za ta riƙa komawa da kanta in jikoki sun sake ta.

Maganar wuta kuwa, wakilina ba ya raba kwana da kowa. Soket ɗinsa shi kaɗai, a jikin bango, mai ƙafa uku. Ƙafar nan ta uku ita ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace, maimakon ta bi ta hannun mai buɗe ƙofa, don haka a kira mai gyaran wuta ya tabbatar tana haɗe. Doguwar wayar nan mai bakuna da yawa, wadda rediyonki da dutsen guga da cajar dukan jikoki ke rataye a kanta, kada a kusantar da shi gare ta. Irin su ke zafi su narke cikin dare mutane suna barci. Na haɗa da kuɗin sitabilaiza. In an ɗauke wuta a kashe shi, in an dawo da ita a jira minti 5.

Yanzu ki saurare ni da kyau, wannan ba wasa a ciki. In ƙanƙara ta taru, kada kowa ya sa wuƙa ya ƙanƙare ta. Iskar gas da ke cikin yawancin firijin yanzu tana kamawa da wuta, huda guda ta isa. A cire shi daga soket, a buɗe ƙofa, ta narke da kanta. Sannan tsohon firijin marigayi da ke yashe a bayan ɗaki, a kwance ƙofarsa yau ɗin nan. A nan ƙasar yara da yawa sun rasu cikin irinsa garin wasan ɓuya, har sai da aka kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firiji ta buɗu daga ciki. Duk sanda na tuna yaran gidanmu suna hawansa, gabana faɗuwa yake.

Sanyin ciki kada ya haura maki 4, wurin ƙanƙara kuma 18 ƙasa da sifili. Ɗanyen nama a can ƙasa, a rufe, kada ruwansa ya ɗiga cikin nono. In babu wuta, ƙofa a rufe tana riƙe sanyi kamar awa 4, don haka a daina leƙe. In kina son gwada robar ƙofar, ki maƙale takardar naira ɗari biyu ki rufe, ki ja. In ta zame ba turjiya, sanyi na gudu. Ki yi gwajin da kanki, in kika ba Auta kuɗin ba za su dawo ba.

Ki gaida Kawu da Gwaggo da mutanen gida duka. Ina nan tafe da babbar sallah in Allah ya yarda. A ajiye mini fura a bene na sama, mai yaji sosai, kuma kada in tarar wani tsoho ya riga ni sha.

Naki har kullum,
Mijinki na Amurka.