Kafin Ta Yaye

In kana son ka ga Bahaushe yana dariya har da riƙe ciki, ba shi labarin Baturen da ya kai karensa asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, ko Baturiyar da ta ɗinka wa kyanwarta rigar sanyi. Nan take majalisa za ta kaure. Wannan ya ce rashin aikin yi ne, wancan ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wani dattijo a gefe ya kama salati. Mu a wurinmu, in ji mu da faɗa, dabba ba ta zama a gida sai da dalili: kaza don baƙo, tunkiya don suna, rago don layya, kare don gadi, mage don ɓera. Ba ma ciyar da wata halitta don kawai ganinta yana mana daɗi.

Haka ni ma na ɗauka, har Allah ya haɗa ni da wani kafinta a nan Kano, wanda ba zan kama sunansa ba, saboda har yau akwai ƙofar wadirof guda a hannunsa.

'Yata ta fari zan aurar. Kowa ya san rabon aiki a gidan Bahaushe: uwa ta ji da tukwane da kwanuka, gado da kujeru da wadirof kuwa suna wuyan uba. Saura wata huɗu ɗaurin aure na isa shagon, tunda an ce da sanyin safiya ake kama fara. Muka yi ciniki, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yi 'yan zane-zane a jikin kwalin ƙusa, na zaɓi yadin kujera ruwan toka mai ratsin zinare, na dire masa rabin kuɗi. Na ce, "Oga, yaushe zan turo mota?" Ya dafe ƙirji ya ce, "Haba Alhaji! Ai kafin ta tare an gama komai, har fenti ya bushe." Sai daga baya na gane ashe sunan sana'ar kansa alƙawari ne: kafin-ta. Kafin ta tare, kafin ta haihu, kafin ta yaye. Abin da ba a faɗa maka shi ne wace ce "ta" ɗin.

A ranar na fara ganin Hajiya. Tana miƙe a tsakiyar bencin aiki, tsakanin zarto da guduma, ja ce mai farin ƙirji, ta yi ɓul-ɓul, dusar katako ta ɗan yi mata hoda a gira. Oga yana son ya ɗauki tef ɗin awo, amma jelarta tana kai. Wallahi sai ya haƙura, ya aika yaro ya aro na maƙwabci.

Na ce, "Oga, ashe kiwon mage kake yi?"

Ya ɓata rai kamar na zagi iyayensa. "Kiwo? Allah ya sawwaƙe. Don ɓera muka bar ta. Ka san ɓera da soson kujera."

Gaskiyarsa a nan, ɓera yana son soso, yana yagar yadi, kuma bayan tulin falanki ai unguwa ce guda a wurinsa. Sai dai duk zaryar da na yi a shagon, ban taɓa ganin Hajiya da ko jelar ɓera a baki ba. Wata rana da idona na ga wani ƙato ya fito daga ƙarƙashin filawud yana jan guntun burodi, ya bi ta gaban hancinta a natse, kamar ma'aikacin da ya san mai gadi ɗan garinsu ne. Ta buɗe ido ɗaya, ta duba shi, ta mayar ta rufe. Ana yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai. Ta Hajiya kwanciyar ɗaukar albashi ce. Masana sun ce mage tana barcin awa 12 zuwa 16 a kowace rana, to ita har ƙarin lokaci take yi ba tare da an roƙe ta ba. Kamun ɓeran kuwa, yaron shago ne yake yi da tarko da gam, ya kuma je ya yar da kansa, don kada warin ya dame ta.

Wannan yaro ya shekara uku yana koyon aiki, kuma har yanzu samfefa da tsintsiya kaɗai aka yarda ya riƙe. Oga ba ya tuna sunansa, "kai" ne ko "wannan yaron". Mage kuwa sunanta uku: Hajiya, Hajjaju, in an ji daɗin ciniki kuma Gimbiya. Da hantsi za a aike shi wurin mai shayi ya karɓo mai kauri da wainar ƙwai. Kafin Oga ya kai kofi baki, sai an tsiyaya wa Hajiya madara a wani murfin gwangwanin fenti da aka wanke tas, a gutsura mata ƙwai, a fifita ya huce. Yaro kuma a ba shi na ɗanwake, a ce ya dawo da canji. Na taɓa cewa, "Oga, likitocin dabbobi fa sun ce madarar shanu ba ta karɓar cikin babbar mage, gudawa take sa ta." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Likitocin ba su san Hajiya ba."

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne muke fakewa da ɓera. A Ingila, gidan firaminista da ke lamba 10 a titin Downing yana da wani muzuru mai suna Larry, wanda aka kawo tun 2011 da muƙamin babban mai kamun ɓera. Jaridun ƙasar sun sha yi masa tsiya a kan ya fi ƙwarewa a barci, amma zuwa 2024 firaministoci biyar sun kwashe kayansu sun bar shi a gidan. Bambancinmu da su ɗaya ne: su sun yarda suna son abinsu, mu kuwa sai mun rantse.

Aiki dai ya fara tafiyar hawainiya. Yau katako bai bushe ba. Gobe an ɗauke wuta. Jibi Oga ya tafi 'Yan Katako a Na'ibawa, wai filawud ya yi tsalle, sai an ciko. Duk waɗannan na san su, don na taɓa ba tela ɗinkin sallah. Uzurin da ban taɓa ji ba shi ne wanda na tarar a sati na tara. Wadirof yana tsaye, ƙwarangwal, ba ƙofa ba fenti, sai durowa uku. Oga ya tare ni tun daga bakin titi yana sa yatsa a leɓe.

"Alhaji, a hankali. An samu ƙaruwa."

Ya ja durowar ƙasa sannu a hankali. Ga Hajiya a kwance, ga 'ya'ya huɗu kamar curin auduga suna ta tsotso. An shimfiɗa mata wani lallausan yadi ruwan toka mai ratsin zinare, wanda na ji kamar na san shi a wani wuri. Ita kam ta cika nata alƙawarin. Kwana 63 zuwa 65 Allah ya ɗibar wa cikin mage, ta kuma sauke a kan kari, ba ta ce katako bai bushe ba.

Na ce a mayar da su kwali mana. Nan fa Oga ya rikiɗe ya zama malami. "Subhanallahi! Alhaji, kai ma fa mai 'ya'ya ne. A tashi mai jego?" Ya kawo mini labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ta hana ta abinci. Ya tuna mini cewa Sahabi Abu Huraira ma, Allah ya ƙara masa yarda, 'yar kyanwa ce sanadin laƙabinsa. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Na so in tuna masa da ɗaya hadisin, wanda ya lissafa alamomin munafuki uku har da saɓa alƙawari, sai na tuna rabin kuɗina yana aljihunsa, na haɗiye.

"Bari dai su buɗe ido," in ji shi. Na yi bincike, kwana goma ne ko ƙasa da haka. Da suka buɗe, sai ya ce ai yanzu ne ma suke buƙatar natsuwa, in ƙara haƙuri kafin ta yaye. Yaye sati takwas ne. Na ƙirga a yatsu, na ga ranar yayen ta faɗa bayan ranar kafi.

Tunda zuwa ya zama mini dole, sai na zama ɗan layin, har ana ajiye mini benci. A nan na gane Oga ba shi kaɗai ne mai ciwon ba. Na kusa da shi yana da rago, wanda ya saya don layya, yanzu layya uku ke nan ana wucewa da shi. Kowace shekara in an tambaya sai ya ce ƙahon bai gama murɗewa ba, ya sulale kara ya sayo wani. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma wanda ya faɗi haka bai zo layin nan ba. Ragon nan ya taɓa cinye takardar awon gadon wani bawan Allah, gado ya fito da ƙafar mai shi tana lilo a waje, aka ce masa ai haka ake yayi. Ba wanda ya ɗaga wa rago murya. Amma ranar da wani sabon yaro aka ce ya ba shi dusa, ya ɗebo ta katako ya zuba masa, kafin la'asar an sallame shi.

Can ƙarshen layi kuma akwai mai aku, irin ruwan tokan nan mai jan bindi, wanda tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a daina fataucin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wannan dai ya riga ya samu aiki. Da ya hango mutum da takardar rasit a hannu sai ya ce, "Oga ya fita! Dawo jibi!" alhali ga ƙafar Oga ana gani a bayan kabad. Ya kuma iya kwaikwayon ƙarar zarto sak, ta yadda in ka biyo ta bayan shagon sai ka tafi gida da farin ciki, ka ce wa iyali ana kan aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Ka bi layin nan kaf, ka ga gado ba kai, kujera ba hannu, kabad ba marfi. Ayyukan da aka gama tsaf, aka goge, aka shafe, ba ƙusa ko ɗaya da ta leƙo, su ne kejin aku, da ɗakin tattabaru mai hawa uku, da ɗakin karen gadi da aka yi da guntayen maɗaci, har da rufin kwano da 'yar baranda. Kare ba ya ba da rabin kuɗi, ba ya zarya, ba ya haɗa kowa da Allah da Annabi, amma shi aka fara sallama.

Mu masu ba da aikin ma ba a bar mu a baya ba. Wata rana an shafa wa teburin wata baiwar Allah banish, bai bushe ba, Hajiya ta taka daga wannan kusurwa zuwa waccan, sawu reras. Mai tebur ta zo ta tsaya tana kallo. Kafin ta buɗe baki Oga ya ce, "Kin yi sa'a, sabon yayi ne, irin na Turkiyya." Ta ƙara masa kuɗin mota, ta kuma roƙe shi kada ya yi wa kishiyarta irinsa.

Daga nan na dawo cikin hankalina. A ƙasar nan kowace ma'aikata tana da wanda ake gani kafin a ga mai gida, ni kuwa wata biyu ina tsallake ta. Washegari na zo da kan kifi a leda. Ban ko gaishe da Oga ba, na durƙusa gaban durowa na ce, "Hajjaju, ya jego? Ya yara?" Na ajiye. Oga ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ya juya ya daka wa yaro tsawa ya miƙo masa guduma. A ranar aka ɗaura kan gado. Kan kifi shida ya ci ni kafin kujeru su samu ƙafa, da yadin da aka ciko, wanda ni na sake biya.

Ranar kafi mota ta kai kaya. Gado lafiya, kujeru lafiya, wadirof kuwa ƙofa ɗaya, durowa biyu, ƙasa wawakeken giɓi. Gwaggonnin amarya, Allah ya saka musu, suka jera akwatuna a gaban wurin, suka rataya leshi a inda babu ƙofa, dangin ango suka yi ta yaba tsari. Bayan sati biyu yaron shago ya kawo durowar a kan babur, da 'yar mage guda a ciki, wai gudunmawar Oga ce ga amarya.

Surukina yana cikin waɗanda suka fi kowa dariyar Turawa a majalisa. Makon jiya ya kira ni da sassafe, murya na rawa, ko na san wani likitan dabbobi na kirki, wai Gimbiya, magen nan ta gudunmawa, ba ta taɓa abincinta ba tun daren jiya. Da ya ji na yi shiru, sai ya yi sauri ya ce, "Don ɓera muka bar ta, Baba."

Jiya na leƙa shagon neman ƙofata. Tana nan, an goge ta, an shafe ta, an jingine ta a kusurwa tana kare wa Hajiya iska, don ta sake sauka, biyar wannan karon. Oga ya ji labarin 'yata tana da juna biyu, ya ce in ba shi aikin gadon jariri, ya dafe ƙirji ya ce kafin ta haihu an gama.

Mai karatu, in ka san kafintan da ba shi da mage, don Allah ka yi mini kwatancen shagonsa.