Ba Don Fayil Ɗin Nake Yi Ba

Ba a taɓa miƙo min tsohon faifan flofi na ce ba zan iya ba. Ko sauri nake, ko zazzaɓi ke damuna, da zarar na hango 'yar robar nan mai ƙofar ƙarfe a hannun mutum, ya ce, "Malam, an ce kana iya fito da abin da ke cikin wannan," sai in ji wani sanyi ya ratsa ni. Zan ɗaure fuska in ce aikin da wuya, sai dai a gwada a gani. A zuci kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mutanen unguwa sun ɗauka taimako nake yi, har wani dattijo ya taɓa tsayar da ni a ƙofar masallaci ya sa min albarka. Na shafa, na ce amin. Amma ni na san ba don fayil ɗin nake yi ba. Wahalar nake so.

Ga yadda mai hankali ke yin aikin. Akwai 'yar na'urar karanta flofi da ake soka wa kwamfuta ta kafar USB. Ba ta da tsada, kuma Windows na yau yana karɓarta ba gardama. Ka zura faifan, ta ɗan yi gurnani, fayiloli su bayyana, ka kwafe abinka. Faifan ma duka-duka megabayit 1.44 yake ɗauka, hoto guda na wayar zamani ya fi ƙarfinsa. Kafin shayi ya huce an gama. Ina da wannan na'ura. Tana can ƙasan durowa, ƙarƙashin tsofaffin rasitai, inda ba za mu riƙa haɗa ido ba.

Ni abin da nake yi shi ne in shige ɗakin da iyalina suka sa wa suna maƙabarta, in yaye zanen da na lulluɓe wata tsohuwar kwamfuta ƙirar 486. A hannun wani mai shagon buga takardu da ya rufe na saye ta, da MS-DOS 6.22 a cikinta da Windows 3.1. Batirin agogonta ya daɗe da mutuwa, saboda haka duk lokacin da aka kunna ta sai ta tashi a ranar 1 ga Janairu 1980, ta kuma manta irin rumbun ajiyar da ke cikinta. Sai na zauna na sake shigar mata da lambobinsa ɗaya bayan ɗaya daga wata takarda da na manna a jikin akwatin. Sauya batirin ba zai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ban sauya ba, kuma kada mai karatu ya tambaye ni dalili.

A cikin tsohuwar nake karanta faifan, sannan a fara neman yadda fayil zai tsallaka zuwa laftof. Ita ba ta san USB ba, balle intanet. Abin da ke bayanta wata kafa ce mai allurai tara, kafar siriyal, wadda a da ake soka wa linzami ko modem. Laftof kuwa ba ta da irinta, sai an saya mata ɗan mahaɗi mai juya USB ya zama siriyal. Ko an sada su da waya miƙaƙƙiya ba za su ji juna ba, domin kowacce da allura ta 3 take magana, da ta 2 take saurare. Dole a gicciye: ta 2 ta wannan ta tafi ta 3 ta waccan, ta 3 ta dawo ta 2, ta 5 kuma a haɗa ta da 'yar'uwarta kai tsaye. Ita ce wayar da ake kira null modem. Na zaga Beirut Road nemanta shago-shago, har wani matashin mai gyara ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, wannan ai tun zamanin Abacha ba wanda ya tambaye ta." Na yi masa godiya, na sayi kawuna biyu da dalma, na koma gida na haɗa da kaina. Ba na jin na yi farin ciki irin na ranar tun bayan sunan ɗana na fari.

Waya kaɗai ba ta kai saƙo. Sai an sami manhaja a kowane ɓangare, su biyun kuma su yarda da ƙa'ida ɗaya ta miƙawa da karɓa. A nan ne nake baje kolin ilimin da ba wanda ya roƙe ni. XMODEM, wadda Ward Christensen ya rubuta a 1977, bayit 128 take turawa, ta tsaya ta jira a ce ya iso lafiya, sannan ta ƙara. Kermit ta fito daga Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 1981, ita ma da irin wannan ladabi. Aikinsu kamar gaisuwar dattawa ne a zaure: ina kwana, lafiya, ina gajiya, ba gajiya, ina iyali, lafiya lau, maganar da ta kawo mutum tana can baya tana jiran layi. ZMODEM ta Chuck Forsberg, ta 1986, ta rage gaishe-gaishen, tana kwararo fayil ba tsayawa, kuma idan aka katse tana iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Ga wanda ke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Duk da haka Kermit na fi so. Ta fi jan lokaci.

To, amma ta yaya Kermit ta shiga cikin tsohuwar tun farko, alhali babu hanyar tura mata komai sai da Kermit ɗin? Wannan ita ce tambayar da nake addu'ar kada a yi min. Amsar ita ce na buɗe durowa, na ɗaga rasitai, na fito da waccan 'yar na'urar ta USB, na kwafi manhajar a kan flofi, na kai wa tsohuwar. Wato da gajeriyar hanya na bi na je na share doguwa. Da na gama na mayar da ita ƙarƙashin rasitanta, na rufe durowar a hankali.

Sai batun gudu. Kafar siriyal ɗin tana iya kai 115200, ni kuwa a 9600 nake ajiye ta, wato kimanin bayit 960 a daƙiƙa. Cikakken flofi yana cin minti ashirin da biyar ko fiye. Na gaya wa kaina wai tsohuwa ce, ba ta son gaggawa. Gaskiyar ita ce ina son zama ina kallon lambobi suna hawa a baƙin allo, kashi 11, kashi 12, fanka tana huci, ƙurar shekara talatin tana tashi da ɗan ƙauri. Wata rana ɗana ya leƙo, ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Abba, me ya sa ba za ka tura ta Xender ba?" Kafin in gama yi masa bayanin allura ta 2 da ta 3, ya tura wa ƙanwarsa wasan kwaikwayo sukutum daga wayarsa, ya fice.

Ina da hujjoji, kuma abin haushin shi ne hujjojin gaskiya ne. 'Yar na'urar USB ba kowane faifai take karantawa ba, iyakarta tsarin PC na kilobayit 720 da megabayit 1.44. Faifan Amiga mai kilobayit 880 ba ta san shi ba. Tsohon faifan Macintosh mai kilobayit 400 ko 800 ma haka, domin na'urar Apple tana sauya saurin juyawa gwargwadon inda take karantawa a jikin faifan. Manyan faifai masu inci 5.25, irin na Commodore 64, ko shiga bakinta ba za su yi ba. Irin waɗannan sai da wani ɗan allon lantarki mai suna Greaseweazle, na Keir Fraser, wanda ke ɗauko ainihin zanen maganaɗisun da ke kan faifai, daga baya a warware shi a sabuwar kwamfuta. Na yi odarsa daga waje, na biya kuɗin jirgi da ya fi kuɗin kayan. Har yau ko faifan Amiga ɗaya bai taɓa shigowa gidana ba. Amma idan ya zo, zai tarar da ni a shirye.

Sauran tarkunan kuwa na haddace su. Windows 98 ya san USB, amma ka soka masa filash ya ce sai an kawo masa direba, direban kuma sai ta flofi ko CD zai shiga. Ana iya cire rumbun tsohuwar kwamfuta a sa katin CompactFlash a madadinsa, a riƙa zare shi ana kai wa sabuwa, sai dai yawancin injinan farkon shekarun 1990 ba sa ganin abin da ya wuce megabayit 504, shi kuma DOS ba ya riƙe yanki fiye da gigabayit 2. Sunan fayil ma ba ya yarda ya wuce haruffa takwas da ɗan wutsiya mai uku, sai ka tura "Wasiƙar neman aiki" ta isa a guntule. Wani zai ji waɗannan ya karaya. Ni ƙara min ƙaimi suke yi.

Wuri ɗaya ne nake iya ɗaga kai in ce ciwon nan nawa yana da amfani, shi ne rubutun Hausa. Isowar fayil ba ita ce ƙarshen aiki ba. Idan da WordPerfect aka buga shi, LibreOffice yana buɗewa. Idan da WordStar ne, sai ka ga harafin ƙarshe na kalmomi ya rikiɗe ya zama wata alama, saboda yadda manhajar ke yi wa ƙarshen kalma shaida. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar rigimar tana wajen haruffa masu lanƙwasa. Kwamfutocin wancan lokaci ba su zo da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai aka yi dabara aka ƙera fon na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, aka ɗora haruffan a kan wasu maɓallan da Hausa ba ta amfani da su. Dabarar ta yi wa harshen nan aiki sosai. Sai dai idan fayil ya bar gida ba tare da fon ɗinsa ba, asiri ya tonu: ƙasa ta koma }asa, ɗalibi ya koma ]alibi, ɓarawo ya koma ~arawo. A wani tsarin kuma qasa da xalibi da varawo za ka gani.

Maganin shi ne a umarci kwamfuta ta maye gurbin kowace alama da harafinta na gaskiya, amma a yi da lura. Wanda ya ce a mayar da kowane v ya zama ɓ a cikin kundin digiri mai cike da sunayen Turawa, zai wayi gari da Sarauniya Ɓictoria, DVD kuma ya koma DƁD. Wanda ya taɓa karanta labaran Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan ɓarnar. Kundayen ɗalibai, da wasannin kwaikwayo, da littattafan da marubutan Kano suka kai shagunan buga takardu a wancan zamani, duk wanda ya rage a kan flofi da wannan lalurar yake kwance. Idan irinsu ya faɗo hannuna nakan zauna in bi shi layi-layi, kuma ba na jin kunyar lokacin da ya ci.

Sai dai irinsu ba su cika zuwa ba. Abin da na fi cetowa shi ne katin ɗaurin auren mutanen da yanzu suke aurar da 'ya'yansu, da jerin sunayen 'yan adashi, da farashin siminti na shekarar da ba wanda zai yarda an taɓa sayar da shi haka. Duk suna cikin wata folda da na sa wa suna "A duba". Ban duba ba. Da zarar allo ya nuna kashi 100, sha'awar ta fita daga raina. Masu faifan ma wasu ba sa dawowa karɓa.

Mafi muni shi ne idan aka kwana biyu ba a kawo min aiki ba, sai in ƙirƙiro. In ɗauki hoto da waya, in matse shi ya koma 640 da 480 mai launi 16, in tura wa tsohuwar ta wayar siriyal, don kawai in ga ya bayyana a allonta, fuskar mutum ta yi dabbare-dabbare. Uwargida ta taɓa shigowa ta same ni ina murmushi gaban hotonta a haka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, man janareton da ka ce a yi tattalinsa ne ake ƙonawa a kan wannan?" Na fara yi mata bayanin Kermit. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ja ƙofa.

Idan akwai abin da zan kare kaina da shi, shi ne faifan nan mutuwa suke yi. Apple ya fitar da iMac ba tare da kafar flofi ba tun 1998, Sony ya daina sayar da faifan a 2011, gwamnatin Japan ma da ta daɗe tana riƙe da shi ta sallame shi a 2024. Waɗanda suka rage a akwatunanmu, laimar damina tana sa musu fumfuna, ƙurar hunturu tana kankare su. Wanda ke da su a gida ya ja ƙofar ƙarfen gefe ya leƙa. Idan ya ga fari-fari a jikin faifan, kada ya zura shi a na'ura, zai lalata faifan ya ɓata kan na'urar. Idan tsaf yake, ya tura ɗan maɓallin da ke kusurwa har ramin ya buɗe, don kada a rubuta komai a kansa, sannan ya nemi 'yar na'urar USB ya kwafe tun yau, ya haɗa da fon ɗin idan yana ciki. Kada ya yi koyi da ni.

Wanda kuma yake da na'urar karanta faifan inci 5.25 mai aiki a ajiye, don Allah kada ya ba 'yan gwangwan. Ya neme ni, mu daidaita farashi a waje, ba a gaban uwargida ba.