Sarkin Matsewa da 'Yan Uwansa

Gardamar a haɗa wayar intanet da hannu ko a sayi haɗaɗɗiya gajera ce in don wayar ne. Doguwa mai ratsa bango da silin, a yanko ta daga kwalin mita 305 a matse mata kai. Ta kan tebur kuwa a saya. Mutane ne ke ja wa zancen tsawo.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Matsewa. Tun ranar da ya mallaki filayar matse kan RJ45 yake ganin sayen waya mai mita ɗaya zubar da girma ne. Ya haddace jerin launuka takwas na T568B, yana rattabo su kamar mai tilawa ko ba a tambaye shi ba: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi. Da ya matse sai koren ya sulale daga gurbinsa. Ya datse kan, ya fere, ya sake jerawa da harshe a waje, ya sake datsewa, har wayar ta gaza kaiwa soket, sannan ya ce a matso da teburin. Tasta? Ai idonsa ya ishe shi. Hujjarsa arha, kuma gaskiya ce ga mai ja wa ofis guda waya. Amma a lissafa kawunan da suka tafi shara da yinin da ya salwanta. Ga shi wayar kwali mai tauri don kwanciya a bango aka yi ta, yawan lanƙwasa na karya ta, alhali haɗaɗɗiyar siraran zaruruwa ne a cikinta, tana jure ja da murɗa.

Kishiyarsa Alhaji Sayi-Kawai, mai ɗauko mita ashirin don tazarar kamu biyu, ya naɗe sauran bayan kabad ƙura ta samu gida. Sai Malam Rangwame, da ya sayi alminiyum mai fentin tagulla, ya zarce mita 100 da ita, kullum yana tsine wa masu intanet. Akwai kuma mu, masu tara guntaye a buhu da sunan wata rana.

Duk waɗannan dariya za a yi musu, don wayar intanet in ta ɓaci hira kawai ke tsayawa. Wanda ba ya ba da dariya shi ne mai sa fulogi a kowane ƙarshen waya don ya cusa wutar janareta ta soket. Ƙafafun fulogin da ke hannu tsirara suke, ɗauke da bolt 230, a gidan da yara ke rarrafe. In ya manta bai kashe babban makunni ba, wutar ta koma layi ta tarar da ma'aikaci a kan falwaya yana aiki da tabbacin an ɗauke. Shi ne kuma in fis mai amp 13 ya ƙone sai ya naɗa zaren waya a madadinsa. Ka yi magana ya ce shekara nawa yana yi ba abin da ya faru, kuma canjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, tsada. Janaretan da ya fi canjobar kuɗi nesa ba kusa ba, bai yi masa tsada ba.