Jirgi Mai Tafiyar Hawainiya da Mutanen da Ya Tona wa Asiri

Jirgin da muka ɗauka haya bai cika ƙafa 7 a faɗi ba, tsawonsa kuwa ya kusa ƙafa 60, kamar an kwantar da lungu a kan ruwa an sa masa inji. Doka ta hana shi wuce mil 4 a awa. Ranar farko wata tsohuwa mai sanda ta wuce mu a bakin ruwa, har ta juyo ta ɗaga mana hannu. Mako guda muka yi a ciki, kwana biyu daga ciki a tsakiyar birnin Birmingham na Ingila. A mota mutum kan ɓoye halinsa, don kafin a gane shi an iso. A nan kuwa ba gudu ba ɓuya, ga kuma dukan gari a kan gada yana kallo.

Sai in fara da Kyaftin, don ko ban fara da shi ba zai sa kansa a gaba. Namu mijin yayata ne. Ba wanda ya naɗa shi. Ya dai yi mako uku yana kallon bidiyo a YouTube, ya sayi hula mai hoton anka, shi ke nan sarauta ta tabbata. Tun daga ranar ya daina cewa hagu da dama, sai wasu kalmomin matuƙa da shi kansa yakan juya su. Abin da bidiyon bai dasa masa a hannu ba shi ne, sandar tuƙin nan a baibai take: ka tura ta hagu, hancin jirgi ya nufi dama. Kuma jirgin ba shi da birki, sai dai ka sa ribas ka yi addu'a.

"Yaya, bango!"

"Na gan shi tun ɗazu."

Gum! Kofuna suka zube a kicin. Ya gyara hula ya ce iska ce. Da muka daki na gaba ya ce igiyar ruwa ce, alhali ruwan nan kwance yake kamar kunu a ƙwarya. Na uku ya ce da gangan ya yi, yana so yara su ga ƙarfin ƙarfen Ingila.

Babban bikinsa a mahaɗar Old Turn aka yi, inda hanyoyin ruwa suka haɗu da ɗan tsibiri a tsakiya, ga gidajen abinci na Brindleyplace cike da jama'a. Kyaftin ya ce zai juya jirgi. Ya yi gaba, ya yi baya, ya tokare hanya a gicciye, ya ba da umarni huɗu masu karo da juna, ya kuma yi fushi da ba a bi ko ɗaya ba. Masu cin abinci suka ajiye cokula. Bayan kusan rabin awa jirgi ya juya don kansa, mutane suka yi tafi, shi kuwa ya cire hula ya rusuna. Har yau in yana ba da labarin, daga tafin yake farawa.

Sai Malamin Tarihi. Ka miƙa masa igiya ya riƙe, sai ya fara gaya maka cewa James Brindley ne ya tsara hanyar ruwan farko ta birnin, wadda aka fara jigilar kwal a kanta daga Wednesbury a 1769, daga baya Thomas Telford ya zo ya miƙar da ita, kuma turbar da muke takawa ta dawakan da ke jan jiragen ce. Duk gaskiya ne. Igiyar dai tana cikin ruwa. Sau tara ya gaya mana Birmingham ta fi Venice tsawon hanyoyin ruwa, ban da waɗanda na yi barci.

Akwai Sarkin Sifana, wanda da ya hango lok, wato akwatin ruwa mai ƙofofi da ke ɗaga jirgi ko sauke shi, ya yi tsalle ya dira da sifana, ƙarfen buɗe ruwa, a hannu, ya sake mana ruwa gaba ɗaya, jirgi ya riƙa rawa kamar an buga masa kalangu. Akwai Mai Hoto, da ta ga Birmingham kaf ta cikin waya. Akwai Mai Kamun Kifi, da sandarsa ta kai wancan gefen, ba zai ɗaga ba sai hancin jirgi ya kusa taɓa ta, kuma ko ka yi masa sannu sau uku, ruwa yake kallo. Akwai Tsohon Hannu, mai zama cikin jirginsa rani da damina, tukwanen furanni a rufi, wanda ko da numfashi kake tafiya sai ya leƙo ta taga ya ce ka rage gudu.

'Yan kallo kuwa, Turawa har suna suka raɗa musu, gongoozler, wato mai jingina da gada ya ga yadda za ka ƙare. A Farmer's Bridge, inda lok 13 suke jere suna sauke jirgi kusan ƙafa 80, ta ƙarƙashin gine-gine da gindin dogon hasumiyar BT, sun fi yawa. Ɗaya ya bi mu lok uku da burodi a hannu yana ba da shawara. Da na ce ya taya mu tura ƙofa, sai ya tuna bayansa yana ciwo. Ban ji haushinsa ba. Kowa yana da hakkin ya kalli wahalar wani kyauta.

Wanda na ji haushinsa daban yake, kuma a kansa ba na raha. Mutum ne da kwat da jaka, ya gama cin abincinsa a kan gada, ya duba hagu da dama, ya saki ledar cikin ruwa, ga kwandon shara taku biyar daga inda yake. Shi ya wuce ofis da hannu mai tsabta. Ledar kuwa farfelar wani take jira. In ta naɗe, sai a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu, a buɗe wani murfi a bayan jirgi, mutum ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, yana lalube a duhu. Ni aka ɗora wa wannan aiki don na fi kowa tsawon hannu. Na ciro leda, na ciro waya, na ciro rabin wando. Masu aikin sa kai na Canal & River Trust, ƙungiyar da ta karɓi kula da hanyoyin ruwan a 2012, har kekunan sayayya na kantuna suke zaƙulowa, wasunsu dattawa ne da suka isa hutu. Ruwan da ya ɗauki kwal ya gina gari shekara sama da 250, wani ya mai da shi juji don ƙyuyar taku biyar. Allah Ya shirye shi, in kuma da rabo, Ya ba shi jirgi.

Saura mutum ɗaya, Mai Shayi. Shi ba ya faɗa da kowa. Da an hango ƙofar lok sai tausayin jama'a ya kama shi, ya ce bari ya ɗora ruwa, ma'aikata sun gaji. Butar kuwa ba ta tafasa sai an rufe ƙofar ƙarshe. A Farmer's Bridge sau 13 tausayin nan ya motsa. Ina cikin rubuta sunayen mutanen nan a littafina, kofi a gefe, sai ɗan yayata ya leƙo da laka har gwiwa.

"Kawu, tun da muka taso ka taɓa riƙe sifanar nan kuwa?"

Na ce masa ya je ya tambayi babansa ko yana son sukari.